Akwati Mai Kwado a Hanyar Madina

Mijina ne ya hana mahaifiyata ganin Madina a shekarar da ta sa rai, kuma da kirkinsa ya hana ta. Allah ya jiƙansa, amma ba zan rage komai ba.

Direba ne. Yana da wanit, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana jigilar kaya daga kasuwar Bab Makka zuwa unguwannin Jidda. Motar ta fi ni shan kwalliya: tuntaye a gilashi, darduma a kujera, turare duk Juma'a. A bayan kujera akwai akwatin kayan gyara mai ƙaton kwado. Duk unguwarmu ta Hindawiyya an san akwatin nan, don ba wanda ya taɓa zuwa aro ya koma hannu rabbana. Sai ya buɗe yana murmushi, ya ce, "Haba, ɗauka mana, ai naka ne." Mutane kuwa suka yarda nasu ne.

Inna ta tsufa, gwiwa ta fara gardama. Da ƙafa ta ratso Sudan ta yi hajji, amma neman abin da za mu ci ya cinye mata ziyara. Da ta ce tana so ta gai da Manzon Allah kafin ƙafar ta ƙi gaba ɗaya, na soya nama, na cika salka da ruwa.

Ana gobe tafiya na ce, "Malam, ka duba akwatin?"

"Yana nan da kwadonsa."

"Cikinsa nake tambaya."

"Ke dai tawakkali ya yi miki ƙaranci."

Ya wuni yana goge butar shayi da kofuna.

Mun wuce garin Rabigh kenan, rana ta take, sai bel na fanka ya tsinke, tururi ya turnuƙe gaban mota. Ba gida ba inuwa, sai yashi. Malam ya sauko da akwati cikin isa, ya buɗe. Tsumma ne a ciki, da guntun waya, da sukudireba mai karyayyen baki.

"Ina bel ɗin ajiya?"

"Mai ruwa ya ara. Gangarsa ce ke zamewa daga amalanken jaki."

"Sifana fa?"

"Tana gidan mai burodi."

"Filaya?"

Ya kalli yashi. "Wanzami. Haƙori zai cire wa wani."

Na ce, "Madalla. Haƙori ya fita, jaki na tafiya lafiya, mu ne kawai a daji."

Muka kwantar da Inna a 'yar inuwar mota. Ina yi mata fifita na waiga, sai ga Malam yana ɗura ruwan salka a lagireto, har ya kusa rabi. Na fizge salkar na rungume.

"Inji ma yana jin ƙishi," in ji shi.

"To ya yi tawakkali."

Ya ce in ba shi gefen zanena ya murɗa ya yi bel. Na ce yana da rawani. Ya kece rawanin, ya murɗa, ya ɗaura, ya yi bisimilla. Ko nisan jifa ba mu yi ba fanka ta tofar da shi. Ya zauna kai ba komai, rana na gasa masa sanƙo, Inna kuwa leɓenta ya fara tsagewa.

Wata motar kankana mai komawa Jidda ta tsaya mana. Direban ya ce mu kawo igiya ya ja mu. Ban ko tambayi inda igiya take ba. Da tasa ya ja mu.

Inna ta ƙi shiga gaba. Ta zauna a bayan wanit tana kallon hanyar da muka bari, har gari. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki ƙyale yaron nan, ba a kira ni ba ne tukuna." Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don Malam har ya gyaɗa kai, ya sami mafaka.

A gida na ce ya karɓo kayansa mu sake shiri tun ƙafarta na takawa.

Ya ce, "Da wane ido zan ce wa maƙwabci ya dawo da abu? Halas, a bar maganar."

Na ce ni ina da idon.

Washegari da safe na yafa mayafi, na ɗauki kwandon cefane, na rataya makullin kwadon a wuyana. Da wanzami na fara.