Zauren da gwaggo ta karɓa a matsayin gado

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Rano babu wanda ya kai ni iya babur, yayana ya sayi adaidaita. Murna a gidanmu ba a magana. Matsalar ɗaya ce, babu ta inda za ta shiga gida, domin ƙofarmu tsohon zaure ne na ƙasa, mai rufin azara, wanda kakanmu ya gina ya koyar da karatu a ciki har ya koma ga Allah. Ga shi damina ta tsaga bangon gabas. Yaya ya ce a rushe kawai, a sa bulo da get. Ni raina bai so ba, amma ƙani ne ni, kuma ina kwaɗayin ya riƙa ba ni aron adaidaitar, sai na bi bayansa.

Har an sauke bulo mai unguwa ya zo ya tsaya a kai. Ya ce gida ne na gado da ba a raba ba, kuma tsohon gini irin wannan ba a taɓa shi sai duk mai haƙƙi ya amince. Mahaifinmu ya rasu, a 'ya'yan kaka saura gwaggonmu da ke aure a Kahu.

"Je ka gaishe ta, ka karɓo mana amincewarta," in ji yaya. "Gwaggo ba ta da matsala."

Na same ta tana sussukar dawa. Ban gama bayani ba ta kakkaɓe hannu ta ɗauko mayafi.

"Tayar da babur ɗinka, ɗan nan."

"Gwaggo, saƙo kawai aka ce..."

"Ni ce saƙon."

Duk taƙamata da gudu, a hanya ita ke ce min na cika sanyin jiki. Muna isa ta wuce kowa ta shiga zauren, ta shafa tsagar, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon azara. Sannan ta sa aka kira mai unguwa da limamin unguwarmu. Ta ce tun da aka kai ta Kahu ba ta taɓa neman ko taku ɗaya a gidan mahaifinta ba.

"Malam, ina da rabo ko ba ni da shi?"

"Kina da shi, Hajiya."

"To a ba ni zauren nan. Sauran na bar wa yaran."

Wallahi ji na yi kamar in yi tsalle. Ga shi kuma ta bar mana abin da ya fi zauren girma nesa ba kusa ba. Da yaya ya yi ƙorafin adaidaitarsa, ta ce katangar baya ai ba kaka ne ya gina ta ba, ya fasa ƙofa a can.

Ita ta kira gayya. Labari ya kai wa tsofaffin ɗaliban kaka, sai ga dattawa daga Madachi da ƙauyukan Kibiya, wasu limamai ne a garuruwansu, sun naɗe wando suna taka ƙasa da ciyawa suna tsokanar juna kan wanda ya fi shan bulala. Ni da ban taɓa kwaɓa ƙasa ba na shiga da ƙarfina, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin kwaɓin. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Kafin la'asar yaya ma ya tuɓe riga yana miƙa wa magini tubali. Aka ɗinke tsagar, aka yi yaɓe, aka shafe da makuba, aka sa sabon indararo. Ban taɓa jin daɗin gajiya irin ta ranar ba.

Na daɗe ina tunanin abin. Mu da muke kwana a gidan mun daina ganin zauren, hanya ce kawai ta shiga da fita. Wadda ta bar shi tun tana yarinya ita ta san darajarsa.

Gwaggo ba ta ƙara damina biyu ba. Da ta rasu, a zaurenta muka zauna karɓar gaisuwa, ya cika har waje. Yanzu duk shekara kafin ruwa ya sauka, yaya ne ke fara buga min waya, yana faɗa wai na makara, zauren gwaggo na jiran yaɓe.