Kifin Turkar Lirwanu

A Gummi, in ana zancen turkar rago, sai an ambaci Lirwanu. Gajere ne ƙwarai, har in ya tsaya kusa da ragonsa sai ka fara ganin ragon, amma hannunsa na da albarka. Kawo masa tunkiyar da haƙarƙarinta ya fito, ka dawo bayan wata uku, wallahi sai ka yi mata sallama. Da wannan sunan yake taƙama, ba shi da wani.

Shekarar dubu biyu da uku ce ta kawo masa jarrabawa. Abokinsa Bature, direban da ke kai albasa Fatakwal, ya zo masa da tsaraba: akwatin gilashi da kifaye biyu masu ado, mace da namiji, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Bature ya fara bayanin irinsu, Lirwanu ya katse shi, don shi ba a koya masa kiwo. A majalisar bakin kasuwa ya rantse cewa kafin Babbar Sallah sai kowanne ya kai damtsensa.

Ya fara da abin da ya sani. Ya zuba dusa, ya murtsuke harawa ya barbaɗa. Ruwan ya koma kamar kunu, kifayen suka taso sama suna haki, sai da matarsa Zulai ta kwashe rabin ruwan ta zuba sabo. Da ta ga yana neman kanwa, ta ɓoye ta a ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Kullum da safe yakan kara tsinken tsintsiya a jikin gilashi ya gwada tsawonsu, kullum tsawon na nan inda yake.

Sai ya tuna ragon turka ba a barinsa da tumaki. Ya raba kifayen, ya sa namijin a kwanon miyan Zulai. Kwana biyu duk suka ƙi ci, launinsu ya koɗe, dole ya mayar da shi. A majalisa kuwa an samu abin yi. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Lirwanu, ina raguna na ruwa? A kawo igiya?" Yakan yi dariya, amma abin na cinsa sosai, har tuwo ya rage ci.

Ana saura mako biyu Sallah, cikin macen ya kumbura ya yi ja. Lirwanu ya yi tsalle, ƙiba ta fara! Ya gayyato 'yan majalisa su zo ranar jajibere su gani da idonsu. Washegari macen ta shige cikin fasasshen bakin tulun da Zulai ta saka musu, ta ƙi fitowa, namijin ya tsare ƙofa kamar mai gadi. Lirwanu ya roƙe ta, ya ƙwanƙwasa gilashi, har kirarin da yake yi wa raguna ya yi mata. Ko leƙowa ba ta yi ba.

Ranar jajibere zaure ya cika. Aka ajiye akwatin a kan turmi, manyan mutane suka durƙusa suna leƙe. Can sai ga macen ta fito, siririya kamar ranar da aka kawo ta. Dariya ta ɓarke. Lirwanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Inna ce, da ta leƙo jin hayaniya, ta lura da wasu ɗige-ɗige suna bin macen a baya, sun fi talatin.

"Ku yi kurum!" in ji ta. "Ba ku ga ɗiya ba? Wanga kihi ya gama girma, tunda har ya aihu. Irinsu na haka."

Lirwanu ya ce, "Inna, wata huɗu ina ba su dusa hwa."

Ta dube shi daga hula har takalmi, kallon bai ɗauki lokaci ba.

"Wata huɗu? Ni shekara ashirin ina ɗura maka hura da nono, ga ka nan. Ka taɓa jin na ce hannuna na ba ya da albarka?"

Zaure ya sake ɓarkewa, wannan karon har da Lirwanu, yana dariya yana share ido. Ya karya tsinken tsintsiyar, ya durƙusa gaban gilashin yana yi wa mai jego barka.