Kwabon da Gwaggo Ta Huda

Har gobe in ƙarfe ya faɗi a kan siminti ya yi ƙara, Gwaggo nake tunawa, kuma raina ɓaci yake. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa son matar nan ba.

Ƙanwar mahaifina ce, tana sayar da daddawa a gidanmu na Bakori. A lokacin kwabo yana da huda a tsakiya, mata kan zura shi a zare su ɗaura a ƙugu. A shagon ƙofar gidanmu kuwa akwai wata Bayarabiya mai manja da sabulu, muna ce mata Iya. 'Yarta a garin aka haife ta, tare muke cin tuwo, tare muke zuwa kallon awon auduga da kaka.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta aike ni manja, na dawo da canji. Ta zo zurawa, kwabo ɗaya ya ƙi shiga. Ba huda, tsakiyarsa shafe take. Nan take ta ce an toshe shi ne da asiri, don ya kwana cikin kuɗinta ya janye su zuwa shagon Iya. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa.

Kakanmu maƙeri ne. Ya karɓi kwabon, ya goge da toka da lemun tsami har ya yi ja, ya ɗaga shi a rana. Ya ce abin da aka toshe ba ya ɓuya, sai an ga zoben haɗi, launi ma ya bambanta. Ya sake shi a kan uwar maƙera, ya yi ƙara tas kamar sauran. Ya ɗauko wani da yara suka ɗora wa jirgin ƙasa a kan dogo a Funtuwa, ya nuna mana yadda ya baje, rubutun ya murje.

“Wannan hannun mutane ne ya ɓata shi,” in ji shi. “Naki kuwa haka aka bugo shi, injin ne ya tsallake hudar. Ki bar baiwar Allah ta ci abincinta.”

Gwaggo ta ce, “Baba, kai ƙarfe ka sani, ba ka san mutane ba.”

Ta bi gida-gida tana hura wuta. Mata suka daina aiken manja, aka hana mu wasa da 'yar Iya. Yarinyar ta taɓa tsayawa a bakin zaure tana kirana, Gwaggo ta kore ta da tsintsiya. Kafin damina ta faɗi Iya ta ɗaure kayanta a bayan mota, suka koma Malumfashi. Ban sake ganinsu ba.

Kwabon kuwa Gwaggo ta sa ƙusa da dutse ta huda shi da hannunta, wai ta karya asirin, ta zura a zarenta.

Yanzu yana wurina. Yaran zamani ba su san kuɗi mai huda ba, sai wani jikana da ke sha'awar tsofaffin kuɗi. Ya juya shi, ya taɓa bakin hudar mai kaushi, ya ce, “Kaka, wannan ba kuskuren bugu ba ne, wani mugu ne ya lalata shi.”

Na ce masa ai na san ta, a ɗaki ɗaya muke kwana ina ƙuruciya.