Fensir Biyu na Gyara daga Nima

A da, sa'ad da nake saurayi ina koyon ɗinki a Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana, takarda ba abin nema ba ce. Kantunan Kwarori cike suke da ita har rufi, littafin rubutu kuwa a kan tire ake yawo da shi tare da alewa. Na bar ƙasar shekara goma sha huɗu, na zauna Kano, na yi Omdurman, na yi Jidda. Da na dawo gida Salaga bara, sai na tarar yaran makarantarmu ta Islamiyya ana raba masu littafi ɗaya gida uku da reza, fensir kuma sai an karya shi biyu. Shi ya sa iyayen yara suka haɗa kuɗi, aka zaɓi mu uku mu je Ankara mu sayo. Ni an sa ni ne don an ce na ga duniya, na ji harsuna, kuma ba a taɓa cuta ta a ciniki ba. Ni ma haka nake faɗa da bakina.

Mun tashi da asuba ran Talata, ni da abokaina biyu. Ɗaya malamin lissafi ne, shi ya ɗaure kuɗin a ƙugunsa. Ɗayan mahauci ne mai jikoki biyar a makarantar, ya ce ya biyo mu don ɗaukar kaya, amma duk mun san kewar dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi ce ta taso shi. Motar katako muka hau zuwa Makango, bakin tafkin Volta. Jirgin fito bai tashi ba sai bayan azahar, wai ana jiran mai. Na ce wa abokaina a kogin Nilu jirgi ba ya ɓata wa mutane lokaci haka. Mahauci ya ce, "To Alhaji, ko za ka aika a turo mana shi?"

Daga Yeji, inda jirgin ya sauke mu, zuwa Kumasi hanya ta lalace fiye da yadda na bar ta. Direba ya fi tafiya a gefen kwalta bisa kan kwaltar kanta. Mun sayi bandar kifi a Yeji da gasasshiyar doya a Ejura, muka hau tsaunin Mampong motar na nishi kamar tsohuwar saniya. A kowane shinge sai an sauke mu, a soka sanda cikin buhuna, ana neman sabulu ko sukari ko madarar gwangwani da aka ɓoye. Kalmomi biyu ne a bakin kowa. Ɗaya kwanturol, wato farashin da hukuma ta yanka wa kaya. Ɗaya kalabule, wato ɓoye kaya a sayar sama da wannan farashi. Mu a Salaga a rediyo muke jin su, har mun mai da su abin barkwanci. In mai ƙosai ta rage girmansa sai a ce mata 'yar kalabule, ta yi dariya ta ƙara maka ɗaya.

Mun kwana Kumasi, Laraba muka kama hanyar Ankara. A Nkawkaw na sayi burodin da na sani da girman matashin kai, na tarar ya koma tafin hannu. Muka sauka tashar Tudu a Ankara da la'asar, muka shiga torotoro, wato motar haya ta cikin gari, zuwa unguwar Maamobi, gidan wani tsohon abokina da muka koyi ɗinki tare, wanda ake kira Baba tela, shi ne mai masaukinmu. Unguwar ta cika ta batse. Inda na san fili duk an yi ɗakunan kwano, lungu kuwa in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Zabarmawa da Kotokoli da Mosawa da Yarabawa duk Hausa suke yi da juna, su surka da Tuwi da Ga da Turanci, namiji da mace duk "shi" ne a bakinsu. Na yi ta gyara wa mutane Hausa, alhali ba wanda ya roƙe ni.

Alhamis muka wuni muna zaga kantuna. Babban kantin da na sani yana sayar da takarda rim-rim, abin da ya rage a kantarsa katin gaisuwa ne da man goge takalmi. A wani kantin littattafai akawu ya ce mu dawo Litinin da wasiƙa daga ofishin ilimi, mu bi layi, watakila mu samu dozin ɗaya. Mun dai samu ambulan da rula shida, wani Bazabarme a Tudu kuma ya zaro mana kwalin alli biyu daga ƙarƙashin buhun albasa. Littafin rubutu ko ɗaya ba mu gani ba.

Da muka koma gida ƙafafu sun kumbura, mai masaukinmu ya yi dariya ya ce kaya suna nan, rana ce ba sa so. Ya ce akwai wata dattijuwa a Nima, Mma Adiza, wadda ta yi shekara ashirin tana sayar da kayan makaranta. Yanzu daga hannun matan da ke tsallako iyakar Togo take saye da tsada, ta ɓoye a ɗaki, ba ta buɗe wa kowa sai wanda na gida ya kawo. Ya dube ni musamman ya ce, "Alhaji, zan kai ku don yaran nan. Amma kwalayen da ke ɗakinta su ne jarinta duka. In magana ta fita titi, an gama da ita. Ka yi ciniki da ƙaramar murya." Na ce masa, ni za a koya wa ciniki?

Juma'a da hantsi muka tsallaka babbar kwata muka shiga Nima. A ƙofar gidan akwai ɗan tebur da alewa da ashana, ba abin da zai nuna maka takarda. Mma Adiza gajeriya ce, mai tabarau ɗaure da zare. Ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya da mutanen gida, sannan ta shiga ta jawo kwali ɗaya. Littattafai ne masu kyau, takardar fara sol, layin shuɗi a miƙe. Malamin lissafi har sunsuna ɗaya ya yi.

Ta ce dozin sidi sittin, a kuɗinmu na Gana. Na taya talatin. Ta yi murmushi ta ce, "Alaji, ni kaina hamsin na saye shi. Don Baba tela ya kawo ku, ku ba da hamsin da biyar." Malamin lissafi ya raɗa mini cewa kuɗinmu zai sayi dozin goma a haka, har a samu na mota. Ke nan buƙata ta biya. Amma ni ba littafi kaɗai nake nema ba, so nake abokaina su koma Salaga su ba da labarin yadda na karya farashi a Ankara.

Ina da wata dabara da na daɗe ina ci da ita. In ciniki ya tsaya, sai in miƙe in kaɗe riga, in fita waje, in ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, mai kaya ya ji kunya ya kira ni. Na yi ta a Kurmi ta Kano, na yi ta a kasuwar Omdurman, kullum ƙarshenta dariya ce da "dawo, kawo kuɗin." Na miƙe. Mai masaukinmu ya kama gefen rigata, na fizge. Mma Adiza ta ce, "Alaji, a hankali, zauna mu gama." Na fita lungu na tsaya, na ce da ƙarfi, "Dozin na littafi hamsin da biyar? Ina kwanturol? Wannan ai kalabule ne!" Don kada wani ya rasa ji, na maimaita da Tuwi, na ƙara da Turanci.

Na tsaya ina jiran a kira ni. Ba wanda ya kira. Mai dakan fufu a maƙwabta ta tsai da taɓarya. Sai ga samari biyu sun taso daga wani benci a bakin lungu, irin waɗanda ke sa ido kan farashi a unguwa, ɗaya riƙe da littafi da biro. Na ce masu wasa nake yi, ciniki ne kawai. Babban ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Alaji, kar ka ji tsoro, ka taimaki ƙasa. Da manya duka kamar kai ne, da mun gyaru."

Suka shiga suka fito da kwalaye bakwai, har da na fensir da na biro, suka jera a kan teburin alewa. Suka ce a sayar yanzu a kan kwanturol, dozin sidi goma sha biyar. Kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin kwata. Aka zaunar da Mma Adiza a kujera, aka ce ita za ta karɓi kuɗin da hannunta. Ni kuma aka sa ni gaba, wai ni na tona asiri, ni zan fara.

Nan ne abin da ya fi damuna. Ina iya cewa na fasa. Ban ce ba. Tsoro na ciki, gaskiya ne, amma da saurayin ya tambaye ni nawa nake so, bakina ya ce dozin goma, kuma can ƙasan zuciyata wani abu ya yi lissafin kuɗin da ya ragu ya ji daɗi. Malamin lissafi ya miƙa kuɗin. Mma Adiza ta ƙirga littattafan ɗaya-ɗaya, ba ta ɗaga kai ba. Da ta gama sai ta ɗauki fensir biyu ta ɗora a kai, ta ce, "Ga gyara. Kai ne cinikin farko."

Kafin kiran sallar Juma'a tebur ya koma alewa da ashana. Mahauci ya ɗauki kayan a kai, muka koma Maamobi. A masallaci ban san abin da liman ya faɗa ba. Da aka kawo waache, wato shinkafa da wake irin nasu, mai masaukinmu ya tura mini kwano ya ce, "Ci, Alhaji. Shekara talatin ina shiga gidan nan da sallama. Yau ban san da wace fuska zan bi ta lungun ba." Mahauci, wanda bai taɓa barin abinci ba, ya rufe nasa.

Asabar da safe muka shawarta, muka ƙulle ragowar kuɗin a hankici, cikon hamsin da biyar ɗin da ta nema. Na tafi ni kaɗai. Na tarar da ita tana share ƙofar gida. Ta amsa gaisuwata cikakkiya, har ta tambayi gajiya. Na durƙusa, abin da rabona da yi wa wani tun rasuwar mahaifiyata, na miƙa hankicin. Ta dubi bencin bakin lungu, ta dube ni.

"Mai da shi aljihu. In na karɓa, gobe a ce na sayar sau biyu. Kuma naka dozin goma ne, sauran fa, wa zai biya?"

Na ce to bari in dawo da littattafan.

"In ajiye su ina? Kowa ya san ɗakin yanzu. Kai wa yara, su ba su yi mini komai ba." Ta jingina tsintsiya da bango, ta gyara tabarau. "Alaji, Baba tela ya ce ka je Makka, ka je Sudan, kana jin harshe shida. Duk cikinsu ba inda aka koya maka yin shiru?"

Na mai da hankicin aljihu. Na roƙi gafara. Ta ce Allah ya yafe mu duka, ta ɗauki tsintsiyarta.

Lahadi muka kamo hanya. A shingaye ba mu sha wahala ba, don samarin sun ba mu 'yar takarda mai shaida cewa a kan kwanturol muka saya, duk sojan da ya karanta sai ya sara mana. A Yeji jirgin fito ya sake makara, wannan karon ban ambaci kogin Nilu ba. Muka isa Salaga Talata da yamma, yara suka tarye mu da gudu. Da iyaye suka ga dozin goma ga kuma kuɗi sun dawo, sai aka fara cewa ai dama an faɗa, Alhaji ba a cin sa a kasuwa. Abokaina suka sunkuyar da kai, suka bar ni da abina. Na tsai da mutane a ƙofar makaranta na ba su labarin kamar yadda na rubuta shi nan, ban rage ba.

Iyayen suka yarda a mai da mata kuɗin ta hannun mai masaukinmu, aka haɗa da buhun doya, wani direba ya kai. Bayan mako uku amsa ta zo. Doyar ta karɓa ta raba wa maƙwabta, kuɗin ta mayar, ta ce a saya wa yara alli. Mai masaukinmu ya ce abin da ta tara ranar bai isa ta sake sayen kwali biyu ba, yanzu koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi da safe.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Dabarar da ta ci kasuwa goma tana iya rushe gida a ta goma sha ɗaya, kuma mai masauki in ya ce ka yi ƙasa da murya, ya san abin da baƙo bai sani ba. Fensir biyun suna cikin aljihun rigata, ban ba kowa ba, ban kuma fere su ba. Mma Adiza ta bar sayar da takarda bayan shekara ashirin. Ni kuma na bar ɗaga murya a kan kayan wani, farashin da mai kaya ya tsaya a kai, ko in biya ko in yi sallama in wuce.