Waliyyu da Muryar Gwaggo Kande a Fadamar Alelu

Duk wanda ya taɓa shiga Jega neman inda zai cike fom ko ya buga katin ɗaurin aure, da wuya a ce bai san shagon Waliyyu ba. Yana nan bayan tashar mota, jikin rumfar Bature mai gyaran rediyo. Waliyyu siririn mutum ne, ya ba arba'in baya kaɗan, ga saurin dariya. In yana bugun rubutu sai ka ga leɓensa na motsi kamar mai bitar karatu.

A Alelu aka haife shi, shi ne na uku a wurin Malam Ɗanasabe, manomin shinkafa da albasa. Da ya gama sakandare sai ya tafi Aliero ya kama aiki a wani shagon buga takardu kusa da jami'a. Ɗalibai kan kawo masa rubutunsu na hannu ya buga musu, cikinsu har da masu karatun kwamfuta. Shekara guda cur yana kwafar layukan umarnin da suke rubuta wa kwamfuta ba tare da ya san abin da suke nufi ba. Wata rana da babu ciniki ya ce bari ya gwada ɗaya ya gani. Ya sa, kwamfuta ta tambaye shi sunansa, ya rubuta, ta gaishe shi. Ya yi ta dariya shi kaɗai har mai shagon ya leƙo. Daga ranar ya shiga koyon rubuta manhaja, yau ya tambayi wannan ɗalibi, gobe ya karanta a waya. Ko da ya dawo Jega ya buɗe nasa shagon, ya riga ya iya haɗa 'yan ƙananan abubuwa da suke sauƙaƙa masa aiki.

Shekarar da sunansa ya fita daga shagon kuwa, ita ce shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a fadamar Alelu. Shinkafar rani ta fidda kai, ta fara nono, sai ga tsuntsayen nan kamar hayaƙi. Tun hudowar rana har faɗuwarta mutane na tsaye a gona suna kaɗa gwangwani suna jifa da majajjawa. Malam Ɗanasabe ya haura saba'in, muryarsa ta dishe a kwana uku. Wani maƙwabcinsu na gona ya ɗauki ihu a memori ya sa a lasifika tana ta maimaitawa. Kwana biyu abin ya yi aiki. A rana ta uku tsuntsayen suka gane ihu ɗaya ne ke dawowa, har wasu suka riƙa sauka a kan lasifikar suna hutawa.

Ranar Juma'a Waliyyu ya je taya uban nasa. Suna cikin rumfa sai ga Gwaggo Kande, ƙanwar Malam Ɗanasabe, ta kawo fura. Kande mai daddawa ce, kuma kaf Alelu an san muryarta: in ta kira akuyarta a wannan bakin gari, na wancan bakin sai sun ji. Tana ajiye ƙwarya ta hangi garken tsuntsu ya kwanta a kan shinkafa, ta buɗe baki ta kwarma musu ihu. Gaba ɗaya suka tashi, suka yi yamma, ba su dawo ba sai da aka shanye furar.

Malam Ɗanasabe ya share baki ya ce, "Kai, da ana aron murya, da na are ta Kande har a yanke shinkahwar ga."

Aka yi dariya. Waliyyu shi ma ya yi, amma a hanyar komawa Jega maganar ce kawai a ransa. Matsalar memori ita ce abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya. Idan kwamfuta ce, zai iya sa ta ta riƙa canzawa: yanzu ihu, anjima gwangwani, wani lokaci ta yi shiru minti biyu, wani lokaci bakwai, yadda tsuntsu ba zai taɓa sanin me ke tafe ba. Yana da tsohuwar laftof da ya daina aiki da ita, uban kuma yana da farantin sola da batir na injin ban-ruwa.

Ɗaukar muryar ce ta fara ba shi wuya. Ya je gidan Gwaggo ya miƙa mata waya ya ce ta yi ihu.

"Ni in yi ma waya ihu? Wali, lahiyarka ƙalau? Mutane su ce Kande ta zare?"

Ya lallashe ta, ta yi wani ɗan "shuu" kamar mai korar kaza daga ɗaki. Yana shirin haƙura sai ga akuyar maƙwabta ta faɗo ta sa baki a daddawar da ke shanye a tabarma. Gwaggo ta miƙe ta buɗe mata murya da ihu da zagi. Waliyyu dai bai yi komai ba illa ya ɗaga waya sama. Ya samu minti ɗaya da rabi, ya yanka shi gida tara, ya cire wurin da aka ambaci sunan mai akuyar.

Ya rubuta manhajar a kwana biyu, ya ari amfilifaya da lasifika wurin Bature, ya gwada a shago da hantsi. Da farko lafiya lau. Gwaggo ta yi ihu, ta sake. Can sai wata Gwaggon ta shigo a kan ta farko ba tare da ta farkon ta yi shiru ba. Sai ta uku. Kafin minti biyar Kande wajen talatin ne ke ihu lokaci guda, kwamfuta ta sandare ta ƙi rufuwa, 'yan kamasho suka yo gudu daga tasha suna zaton faɗa ne ya kaure. Bature ne ya yi dabarar fizge wayar lasifika.

"Wali, mata nawa kat tara cikin shagon ga?" in ji Bature yana haki.

Waliyyu na hawayen dariya ya ce, "Ɗaya ta, wallahi. Ni na cika wuri da ita."

Da ya duba sai ya ga laifinsa ne. Ya ce wa kowane sauti ya yi ta maimaita kansa, sannan duk lokacin da aka zo canji manhajar na buɗe sabo ba ta tsayar da na baya ba. Ya gyara, ya sa sai an rufe wancan kafin a buɗe wannan.

Matsala ta biyu ce ta sha masa kai. Sauti zai yi ta tafiya daidai, sai kawai ya ɗauke. Manhajar na nan a buɗe, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, amma tsit. Wani lokaci bayan minti uku, wani lokaci sai an yi ashirin. Ya canza wayar lasifika. Bature ya kwance amfilifaya ya busa ya mayar, ya rantse lafiyarta lau. Waliyyu ya canza fayilolin sautin daga wannan iri zuwa wancan. Kwana huɗu yana fama, kullum kuma sai uban ya bugo waya ya ce tsuntsu na nan. A rana ta huɗu matarsa Hamida ta ce ko abinci ba ya sanin ya ci.

Yana cikin karanta koke-koken wasu masu rubuta manhaja a intanet ya ci karo da wani mai irin ciwonsa sak. Yana gama karantawa ya buga tebur, ya ƙwala wa Bature kira.

"Zo ka ji ɓarawon! Cikin kwamfuta akwai wani abu mai shara. Aikinai shi zagaya, duk abin da yag ga ba mai riƙe da shi, shi kwashe don a samu wuri. Ni ko na kunna sautin cikin wani ɗan lungu na manhajar, da aikin lungun yaƙ ƙare sai ba wanda ka riƙe da shi. Sautin na tahiya, mai shara ya zo ya kwashe abin da ka hidda shi."

"To mi as sa wani lokaci shi daɗe?"

"Ai mai sharar ba shi da lokaci. Sadda yag ga dama shika zuwa."

Layi ɗaya ya ɗauke daga tsakiya ya mayar sama, inda manhajar za ta riƙe shi muddin tana buɗe. Suka zauna suna saurare, da ƙaramar murya wannan karon, tun azahar har la'asar, bai ɗauke ba. Bature ya aika aka sayo tsire.

Washegari Waliyyu ya ɗaure kaya a babur ya nufi Alelu. Suka kafa lasifika a kan dogon itace, suka ajiye laftof a inuwar rumfa a kan murfin randa don kada zafi ya dame ta. Malam Ɗanasabe ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa in lokacin salla ya yi Kande ta yi shiru. Waliyyu ya zauna nan a kan buhu ya ƙara wannan. Da aka kunna, garken farko da ya taho ya juya tun bai sauka ba. Tsohon ya cire hula ya mayar.

Bayan kwana biyu Waliyyu ya dawo duba aiki, ya tarar da uban a zaune gaban laftof da ɗan karan gero a hannu.

"Baba, mi kaka yi nan?"

"Gadinta nikai. Abin ga barci shikai. Na lura, duk sadda gilashin yay yi duhu, Kande ta ɗauke. In na taɓa shi da kara sai shi hwalka, ita ma ta hwalka."

Waliyyu ya riƙe baki. Ya manta sam cewa kwamfuta in tana kan batir kuma ba a taɓa ta ba takan kwanta da kanta. A shago kullum hannunsa na kanta, shi ya sa bai taɓa gani ba.

"Wallahi Baba ko ga masu kwamfuta sunanai ke nan, barci. Mi ah hana ka kira ni?"

"Na ga ka wahala. Kuma taɓa kara ya hi ihu sauƙi."

Waliyyu ya ƙara umarnin da zai hana ta kwanciya muddin manhajar na aiki. Suna cikin haka Gwaggo Kande ta ɓullo da ƙwaryar fura a ka. Daidai nan lasifika ta saki muryarta. Ta tsaya cak a kan kunya, ta waiga hagu da dama, sannan ta gane. Ta sauke ƙwarya ta yi ta dariya har da zama.

"Wali, ashe haka nike? Shi ya sa awaki ba su ƙaunata!" Ta saurara aka sake wani. "A'a, wannan bai yi ba, ban buɗe murya ba. Kawo wayar ga in sake maka."

A ranar ta ba shi sababbi goma sha biyu, ba tare da akuya ba.

Ba a ce tsuntsu bai ci komai ba. Can ƙarshen gonar, inda sauti ba ya kaiwa sosai, sai da yayyen Waliyyu suka ci gaba da tsayuwa safe da yamma, kuma duk mako sai ya canza sautukan don kada a saba. Amma shinkafar ta kai yanka, Malam Ɗanasabe ya samu abin da bai yi zato ba, muryarsa kuma ta dawo.

Labari ya bazu. Rani na zagayowa manoma suka fara sallama a shagon, daga Jiga Birni, daga Kuberi can ƙasar Maiyama. Waliyyu kan sa musu manhajar a duk tsohuwar kwamfutar da suka samo, ya nuna musu maɓalli biyu, na kunnawa da na kashewa. Bana gonaki bakwai ke amfani da ita. Ran Asabar yakan rufe shago da wuri, ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da sukudireba da sabuwar wayar lasifika a aljihu. Ta wani Alhaji Tukur a Kuberi ce ke ba shi aiki yanzu: tana yin wani ɗan "ƙas" duk lokacin da sauti zai fara, kuma a kwamfutarsa kaɗai take yi. Alhajin ya ce a bar shi, tsuntsu ma ba ya son ƙarar. Waliyyu ya ce ya ji, amma ya roƙi a ara masa kwamfutar kwana biyu in an gama yanka.