Hannun Hagun Inna Zuwairatu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye nake yinsa a bayan rumbu, lokacin da ya kamata a ce ina tankaɗe. Wannan ne karo na farko da na ɗauki biro ba tare da malami ya sa ni ba, kuma sau huɗu ina yage shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai. Matar da zan yi magana a kanta ta fi ƙarfin rubutuna, amma na jira na jira ban ga wanda ya yi niyyar rubuta ta ba, ga shi yau take ajiye aiki.

Sunanta Inna Zuwairatu, ungozomar unguwarmu a Wagini. Ta haura shekara talatin tana wanke jarirai. Da zarar ta idar da lazimin safe za ka gan ta ta fito, tana tafiya a hankali saboda gwiwa, da 'yar ƙwarya ƙunshe a cikin zane. Abin da ke cikin ƙunshin bai taɓa canzawa ba: man kaɗe da ta dafa da hannunta ta tace sau biyu, ɗan gutsuren sabulu marar ƙamshi, da tsumma mai laushi da ta wanke ta shanya a rana. Haihuwa kam yanzu asibiti take raka mata, ko da a kan babur ne. Amma wanka nata ne, gida gida, har jariri ya yi arba'in.

In ta shiga ɗakin mai jego, bayan gaisuwa, ba ruwa take fara dubawa ba. Ɗaukar jaririn take yi ta kai hanci bisa kansa. In ta ji wani abu, sai ka ga ta ɗago.

"Wa ya fesa wa angona turare? Ni da na aure shi ban ce yana wari ba."

A yi dariya, mai laifi ta sunkuyar da kai, shi ke nan an wuce wurin. Ba ta zagi, ba ta tara wa mutum jama'a. Abin da take cewa kullum shi ne fatar jariri ba ta gama ƙwari ba, duk abin da aka shafa mata sha take yi. Don haka ruwa mai ɗumi, sabulu kaɗan, mai tsantsa wanda ka san asalinsa. Ba hoda, ba turare, ba man da ke da launi. Kada kuma ku ɗauka gaba take da asibiti. A cibiya ba ta yarda a sa komai sai abin da aka bayar a can. Kwallin da ta gada tana sa wa jarirai ma ita da kanta ta daina, ranar da malamar asibiti ta yi mata bayanin illarsa, kuma ba ta ji kunyar bin gidaje tana cewa da ta yi kuskure ba.

Baba Sammani mai kanti ya ce in rubuta cewa Inna ta hana shi sakat. Takan tsaya gaban kantinsa ta ɗauki kwalbar man yara ta ce ya karanta mata abin da aka zuba a ciki. Ya fara, ya kai suna na uku harshe ya sarƙe. Sai ta ce, "Sammani, kai mai gemu ka kasa furta shi, ɗan kwana biyar ne zai iya ɗaukarsa?" Ya ce da yana jin haushi. Yanzu a gaban kantin akwai ƙwaryar man kaɗe, kuma jikokinsa shida duk ita ta wanke su.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro a gidanmu ya faru, shekara biyu da suka wuce, kuma da idona na gani.

Yayata Mahfuza tana aure a Babban Duhu. Da haihuwarta ta fari ta zo, sai ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba, ta haifi namiji. Mijinta Surajo mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, babbar yayarsa Hajiya Maijidda ce ta rene shi, don haka ita ce uwa a gidan, abin da ta ce shi ake yi. A birnin Katsina take zaune. Ranar suna ta iso da kayan barka niƙi-niƙi, aka raɗa wa yaro Abdulƙahar, ta karɓe shi tana ta sa albarka. Can sai na ga ta juya kunnensa tana dubawa. Kun san yadda mata ke yi: jariri da haske ake haihuwarsa, bakin kunne ne ke faɗin launin da zai zama.

"Kash," in ji ta. "Baƙin Surajo zai ɗauko. Gara a riƙe masa farin haihuwarsa tun bai gudu ba."

Ta buɗe jaka ta fito da robobi biyu farare, babu rubutu ko ɗaya a jikinsu. Tana cire murfin ɗaya ƙamshi ya cika ɗakin. Ta miƙa wa Inna ta ce daga yau da shi za a riƙa shafe yaro, safe da yamma.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta yi godiya. Sannan ta ce, "Hajiya, me da me aka zuba a ciki?"

"Haɗi ne na musamman. Wata mata ke yi a birni, sirrinta ne."

"To, ni dai ba na shafa wa jariri sirri."

Mahaifiyarmu ta fara gyara abin da ba ya bukatar gyara. Hajiya Maijidda ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ku ji mini tsohuwa! Sai dai a yi ta laɓta masa man kaɗe kamar ƙosai za a soya da shi? To, na ji. Kwana arba'in naku ne. Ranar da na zo ɗaukarsu ya zama nawa, kuma wata guda zan yi a Babban Duhu." Ta mayar da roba ɗaya cikin jaka.

Inna ta riƙe ɗayar ta ce, "Wannan kin ba ni?"

"Ɗauki mana. Ashe ke ma kina so!"

Mata suka fashe da dariya, wata ta ce Inna za ta yi fari ta sake aure. Inna ta taya su dariyar, ta ƙulle robar a bakin zanenta.

Yaya Mahfuza ce ba ta yi dariya ba. Kwanakin da suka biyo baya kunun kanwa ma da ƙyar take sha. Na ji ta tana ce wa Inna, "In na ƙi, a ce na raina dangin miji tun a ɗan fari. In na yarda, ban san abin da zan shafa wa ɗana ba. Inna, ya zan yi?" Inna tana murza mai a tafin hannu har ya narke, tana bin matse-matsin wuyan yaron da shi, ta ce, "Sha kununki, ɗiyata. Arba'in da saura." Abin da kawai muka lura shi ne Inna ta koma sa riga mai dogon hannu, ga zafi ana ta fama. Ko wanka za ta yi wa yaro, iyakar wuyan hannu take naɗe hannun rigar na hagu.

Ranar arba'in da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, don ana son a kama hanya da wuri. Hajiya Maijidda ta shigo, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen birni. Aka miƙo mata Abdulƙahar. Ya yi ɓul-ɓul, baƙi siɗik, fatarsa sai sheƙi take, ko ƙurji ɗaya babu.

"Kun gani ko? Ya rine," in ji ta. Ta jawo jaka ta fito da robar, ta sa yatsa ta lakato. Na ga Yaya Mahfuza ta runtse ido.

"Hajiya," in ji Inna, "kafin ki shafa, ga saƙonki."

Ta naɗe hannun rigarta na hagu har gwiwar hannu. A cikin damtsen, ƙasa kaɗan da gwiwar, akwai wuri kamar faɗin tafin jariri da ya fita daban da sauran jikinta. Ya yi fari-fari da ja-ja, ya yi sirara har ana ganin jijiyoyi, gefensa yana saɓa, ga ƙananan ƙuraje sun zagaye shi. Ashe tun washegarin suna, kullum in ta gama zagayen wanka, sai ta koma gida ta lakato man nan da ɗan kara ta shafa a wurin, ta sake da la'asar. Da safe kuma ta wanke tas ta ɗaure da tsumma kafin ta taɓa ɗan kowa.

"Wannan fatar ta kusa shekara saba'in," in ji ta. "Ta sha rana a gona, ta sha hayaƙin murhu, ta yi daka. Kwana talatin da uku ya yi mata haka. Ga tasa nan a cinyarki, Hajiya. Ki taɓa tawa, ki taɓa tasa."

Hajiya Maijidda ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta tsaya da yatsa a sama, man yana kai. Ta dubi hannun Inna, ta dubi yaron. Sai na ga fuskarta ta sauya, ba irin ta wanda aka kayar a gardama ba, irin ta wanda ya tuna ya bar wuta a ɗaki. Ta goge yatsan a jikin jaka, ta lalubo waya.

"Khaula? Kina jina? Man nan da na ba ki na yarinya, ki daina. A'a, ba gobe ba, yanzu. Ki kai ta asibiti a duba mini ita, ki tafi da robar su gani."

Ashe jikarta ta birni sati biyu ke nan ana shafa mata. Ta ajiye wayar tana share ido, ta ce, "Inna, ki yafe mini. Na yi miki dariya a gaban mutane."

"Ai ni ma na yi dariyar. Kuma ga shi na yi farin, mijin ne bai fito ba."

Daidai nan Abdulƙahar ya tsula wa gwaggonsa fitsari a kan sabon leshi. Gidan ya kaure da shewa, Yaya Mahfuza tana dariya tana kuka lokaci guda. Da za su tafi, Hajiya Maijidda ce da kanta ta rungumi ƙwaryar man kaɗen da Inna ta ba su a gaban mota, ta hana a sa ta cikin kaya. Jikar tata ma, alhamdu lillahi, an kama abin da wuri, ta warke.

Inna, ke ce wadda aka yi wa dariya kika ƙulle dariyar a bakin zane kika tafi da ita gida. Ke ce kika ga magana ba za ta ƙetare arba'in ba, sai kika ba da fatarki ta yi magana. Ba ɗanki ba ne, ba jikanki ba, da kin ce kin faɗi gaskiya kin fita babu mai ganin laifinki. Uwar 'ya'yan unguwa, mai hancin da ba a ɓoye masa kwalba. Har yau tabon bai gama komawa ba, kuma na san yana miki zafi in rana ta buɗe, ko da ba kya faɗa.

Dole in ƙara wannan, don Inna ta ce in har wani ya ba da labarin ya haɗa da shi: malamar asibiti ta yi mata faɗa sosai, ta sa ta yi alkawarin ba za ta sake ba. Don haka ba cewa nake ku gwada mai a jikinku ba. An riga an gwada mana. Abin da ya rage mana mai sauƙi ne. Kafin a shafa wa jariri komai, a tambaya me ke ciki. In ba amsa, a ajiye. In ƙurji ya fito, a nufi asibiti, ba wurin mai haɗi ba. Masu kai kayan barka kuma, don Allah ku rage ƙamshi. Yaron da Allah ya yi baƙi a bar shi ya yi baƙinsa lafiya, ai kyau ne.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwoyin nan hutu, ya sa waɗanda kika koya wa su riƙe yadda kika riƙe.

Waɗannan layukan na ƙarshe a bayan rumbun gidanta nake rubuta su, walimar ajiye aikinta tana ci. Daga nan ina hango ta a kan tabarma, mata sun yi layi da 'ya'yansu, kowane aka miƙo mata sai ta shinshina kansa, wai ita da ta ajiye aiki. Hajiya Maijidda ce ke rabon shinkafa, tun daga birni ta zo da ita. Abdulƙahar yana ta ƙoƙarin hawa bayan akuya. Malama Safiyya ta Islamiyya, wadda za ta yi jawabi, ta bar jakarta a bakin turmi. A ciki zan saka takardar nan, ban sa suna ba. In ta ga dama ta karanta.

Akwai ɗan tabon mai a gefen shafin, Inna, ki yi haƙuri, naki ne, da shi na shafa hannu da safe. Na san in takardar ta iso gare ki hanci za ki fara kai mata, kuma ke kika wanke ni. Shi ya sa zan ɗauki bokitin can in bi ta ƙofar baya, kamar ruwa aka aike ni.