Ranar da Kawu Ya Ƙi Sauka daga Tarago

Kawuna ya yi ritaya ne daga ofishin gwamnati mai kula da tarbar manyan baƙi. Aikinsa shi ne korar ƙananan mutane daga wuri ba tare da sun gane an kore su ba. In babban mutum zai zo, sai ya leƙa ɗakin jira ya ce rufi na yoyo, ko wayar wuta na ƙauri, kowa ya kwashi takalmansa ya yi waje. Da bakinsa yake ba mu labarin a ƙofar gidansa a Unguwar Dosa, yana dariya har da dukan cinya.

Wata Asabar na raka shi Abuja ɗaurin auren 'yar ƙanensa marigayi. Shi ya riƙe ta tun tana rarrafe har ta girma ta koma wurin uwarta, kuma shi ne waliyyi. Ya sha faɗa cewa ko a gadon asibiti yake, da bakinsa zai ba da ita. Da hantsi za a ɗaura, jirgin ƙasa na farko ne kaɗai zai kai mu a kan lokaci. Na ce mu tafi tun Juma'a, ya ce shi ba ya kwana a garin mutane.

A tashar Rigasa kujerunmu suka faɗo a taragon ƙarshe. Kawu ya baje babbar rigarsa da ta sha bugu, ya cinye kujerarsa da rabin tawa. Muna zama sai ga wani ma'aikacin jirgi ya shigo ya yi sallama, ya ce a yi haƙuri, birkin taragon nan ya samu matsala, za a cire shi, kowa ya koma gaba.

Mutane suka fara tattara kaya. Kawu ya yi wani murmushi, ya dafa gwiwata.

"Zauna. Wani babba ne zai zo da tawagarsa."

"Kawu, birki fa ya ce."

"To me zai ce? Ni ma da birki zan ce."

Ya ɗaga murya ya yi wa jama'a lacca a kan yadda ake raina talaka a ƙasar nan. Shi, Kawu, wai shi ne yau lauyan talaka! Wasu 'yan kasuwa suka ce wallahi Alhaji ya yi gaskiya, suka koma suka zauna. Da suka ga mata sun kama kujerun gaba, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikacin ya dawo, ya rusuna.

"Baba, don girman Allah ka taso. Ba za mu ja taragon nan da rai a ciki ba."

"Malam, tun kafin a haife ka nake wannan sana'ar. Je ka gaya wa mai gidanka Alhaji ya ce sannu da dabara."

Mutumin ya dube ni. Ni kuwa, da furfurata da 'ya'yana, na sunkuyar da kai, don a gidanmu ba a ja da Kawu. Haushinsa nake ji har wuya, amma ina zaune.

Muka ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashinmu, fanka ta tsaya, fitilu suka mutu. Kawu ya ce ai duk cikin wasan ne, ana so a tsorata mu. Jirgi ya yi kuka. Na leƙa ta taga, na ga sauran taragun suna tafiya salin-alin, mu kuwa ko gezau.

Kawu ya gyara hula, ya zuba wa ƙofa ido. Na gane jira yake babban mutumin ya shigo da 'yan rakiyarsa, ko da zagi ne su zage shi, ya dai tabbata bai yi kuskure ba. Waɗanda suka shigo masu gyara ne, hannuwansu duk baƙin mai. Suka gaishe shi da ladabi, suka ce in ba damuwa za su duba ƙasa. Nan tausayinsa ya kama ni, haushin ya bi ruwa.

Muna nan zaune wayarsa ta yi ƙara. Amarya ce. Ya ɗauka, muryarta ta cika taragon da babu sauran fasinja.

"Baba, kun taso? Na ce musu ko liman ya gaji da jira, kada wanda ya ba da ni sai kai."

Kawu, da bai taɓa rasa abin faɗa wa mai jira ba, sai ya miƙo mini wayar.